Kwamfutar renda a zafin Sakkwato: Abin da mai saye zai duba kafin ya biya kuɗi

Idan ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati ya yanke shawarar kafa wa ɗansa sana'ar tace bidiyo ko zanen gine-gine, ya kama masa shago a Gidan Dare ko wata unguwa ta birnin Sakkwato, tambayar farko da yakan yi wa mai sayar da kwamfuta ita ce: “Core i7 ce?” Da zarar an amsa masa da e, sai hankalinsa ya kwanta, ya ƙirga kuɗi. Bayan 'yan makonni kuma ƙorafi ya fara. Bidiyon biki da aka yi alkawarin bayarwa ranar Juma'a bai fita ba har Lahadi, kwamfutar tana gurnani kamar injin niƙa, tana mutuwa da kanta da tsakar rana, dangin amarya suna ta sintiri a ƙofar shago. Kuɗin da aka zuba, wanda wani lokaci na sallamar aiki ne ko na adashin shekara guda, ya koma abin da-na-sani.

Sau da yawa ba cutar mai sayen aka yi ba. An dai sayi kwamfutar da ba ta dace da aikin ba, ko kuma ta dace da aikin amma ba a yi lissafin garin da za ta zauna ba. Masana'antun da ke ƙera waɗannan kaya, da masu gwada su suna wallafa sakamako, suna aikinsu ne a ɗakuna masu sanyi da wutar da ba ta ƙiftawa. Sakkwato kuwa tana cikin biranen da suka fi zafi a Najeriya, inda ma'auni kan haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, ga ƙurar hunturu, ga wutar lantarki mai zuwa da tafiya. A irin wannan wuri, gudun da aka rubuta a jikin kwali ba shi ne ake ci da shi ba. Gudun da kwamfutar za ta iya riƙewa na awa shida ko goma a jere shi ne jarin mai shago.

Mene ne renda?

Renda ita ce matakin ƙarshe na aiki, inda kwamfuta ke ɗaukar duk abin da aka tsara, ta lissafa shi, ta fitar da shi a matsayin hoto ko bidiyo da za a iya kallo. Mai tace bidiyo ya yanka, ya jona, ya gyara launi, ya ɗora rubutu. Mai zanen gida ya ja bango, ya sa tagogi, ya zaɓi tayil da fenti, ya nuna inda rana za ta faɗo. Duk wannan umarni ne kawai. Sai an danna renda sannan kwamfuta ke zama ta lissafa launin kowane ɗigo na hoton, da yadda haske zai daki gilashi ya dawo, da inda inuwa za ta kwanta.

Nauyin aikin yana fitowa ne idan aka yi lissafi. Bidiyo jerin hotuna ne da ake kira firam, kuma a tsarin talabijin na Najeriya firam 25 ne ke wucewa a kowane daƙiƙa. Ke nan minti ɗaya na zagayen gida mai motsi, irin wanda ake nuna wa mai son gina rukunin shaguna, firam 1,500 ne. Idan kowane firam yana cin minti biyu, aikin zai ɗauki awa 50, wato fiye da kwana biyu ba tsayawa. Idan aka samu kwamfutar da ke fitar da firam a daƙiƙa 40, zai kammala cikin awa 16 da minti 40. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu ita ce tazarar da ke tsakanin shagon da ke karɓar aiki uku a mako da wanda ke fama da ɗaya.

Lokacin da kamfanin Pixar na Amurka ya fitar da fim ɗin Toy Story a 1995, sai da ya jera kwamfutoci 117 suna renda dare da rana. Shekara talatin bayan haka, a watan Maris na 2025, wani fim na zane daga ƙasar Latbiya mai suna Flow ya lashe kyautar Oscar, alhali da manhajar Blender ta kyauta aka yi shi, kuma daraktansa Gints Zilbalodis ya bayyana cewa a kwamfutarsa ta aiki aka yi rendar ƙarshe. Abin da a da sai babban kamfani, yau yana iya zama a kan tebur a Gidan Dare, matuƙar an san abin da ake saye.

Aiki ne ke zaɓar kwamfuta

Kafin a je kasuwa, sai a tambayi wanda zai yi aikin sunayen manhajojin da yake amfani da su, domin kowace tana da ɓangaren da ta fi jingina da shi. Abubuwa biyu ne ke ɗaukar lissafi a cikin kwamfuta. Na farko masarrafa, wadda 'yan kasuwa ke kira farosesa, irin su Intel Core da AMD Ryzen. Na biyu katin hoto, wanda a kasuwa ake kira girafik kad, irin na kamfanin Nvidia. Masarrafa kamar ƙwararrun magina ce 'yan kaɗan, kowanne yana iya kowane irin aiki. Katin hoto kuwa kamar dubban leburori ne da ke miƙa bulo hannu da hannu: aiki iri ɗaya, amma a lokaci guda. Renda ta zanen gini aiki ce ta miƙa bulo, shi ya sa katin hoto ya yi fice a cikinta.

Wanda ke zane da AutoCAD, Revit ko SketchUp, da mai tsara fosta da kalanda da CorelDraw ko Photoshop, sun fi buƙatar masarrafa mai saurin amsawa fiye da mai cibiyoyin lissafi da yawa, saboda yawancin abin da suke dannawa cibiya ɗaya ce ke yin sa. Da zarar mai zanen ya kai ginin cikin Lumion, Enscape, Twinmotion ko D5 Render domin ya fito kamar hoton gaske, nauyi ya koma kan katin hoto kacokan. Manhajar Corona da masarrafa take renda, don haka ita yawan cibiyoyi take so. V-Ray da Blender suna iya amfani da kowanne, amma da katin Nvidia na jerin RTX Blender takan ninka saurinta. A ɓangaren bidiyo, DaVinci Resolve ta fi matsa wa katin hoto, Premiere Pro kuma tana raba nauyin.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne a zuba rabin jari a masarrafa mafi tsada, a manna mata ƙaramin kati, alhali yaron da Lumion zai yi aiki.

Sunan “Core i7” shi kaɗai ba ya cewa komai, domin Intel ta fara amfani da shi tun 2008. Lambar da ke biye da sunan ita ke nuna zubin da masarrafar ta fito. Core i7-2600 zubi na biyu ce, ta 2011, mai cibiya huɗu. Core i5-12400 zubi na 12 ce, ta 2022, mai cibiya shida, kuma a renda ta ninka waccan fiye da sau biyu duk da cewa sunanta “i5”. Akwai kuma batun babbar manhaja: kamfanin Microsoft ya dakatar da tallafin yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar masarrafar Intel da ta gaza zubi na takwas. Wannan ya shafi tsofaffin kwamfutocin ofis na Turai da Amurka da ake shigowa da su, irin su HP Z440 da Dell Precision T5810. Suna da ƙwari, an ƙera su ne domin su kwana suna aiki, kuma ga mai ƙaramin jari ba abin rainawa ba ne. Sai dai wanda ya saya ya san cewa fasahar 2014 ya saya, kuma tsohon katin Quadro da kan zo a cikinsu, duk da girman sunansa, bai kai ƙaramin katin RTX na yau ba.

Katin hoto da ma'adanarsa

A nan ne ya kamata mai saye ya fi daɗewa. Katin hoto yana da tasa ma'adanar ta wucin gadi, kuma dole duk ginin da ake renda, da bishiyoyinsa da motocinsa da zanen tayil ɗinsa, ya shiga cikinta. Idan bai shiga ba, ko dai manhajar ta tsaya cak ta ce wuri ya ƙare, ko ta koma tafiyar hawainiya. Saurin kati yana rage lokacin jira ne, amma girman ma'adanarsa shi ke yanke hukuncin ko aikin zai yiwu ma tun farko.

Misali mai amfani shi ne na katuna biyu da suka yawaita a kasuwa. RTX 3060 na 2021 yana da giga 12 kuma yana jan wuta wat 170. RTX 4060 na 2023 ya ɗan fi shi sauri, yana jan wat 115 kacal, amma giga 8 gare shi. Mai bidiyon biki da walima da ke kan sola zai fi jin daɗin na biyun. Mai zana rukunin gidaje zai iya gwammace na farkon. A lura kuma cewa akwai RTX 3060 mai giga 8 da aka fitar daga baya da suna iri ɗaya, don haka a tambayi mizanin, kada a tsaya a suna. Can sama akwai RTX 4090 mai giga 24 da wat 450, da RTX 5090 na Janairun 2025 mai giga 32 da wat 575. Waɗannan dawakan sukuwa ne, amma wat 575 ya kai wutar fankokin sama bakwai ko takwas a haɗe, kuma duk wannan wuta zafi take komawa a cikin shagon.

Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da nata ruɗin. Katin da aka sa wa suna RTX 4090 a cikinta ba shi ne na kwamfutar tebur ba: giga 16 gare shi, kuma wutar da ake ba shi ba ta kai rabin ta wancan ba. Amfaninta dai a fili yake, tana da batir a jikinta, tana cin wuta kaɗan, ana zuwa da ita gidan mai aiki a nuna masa zane. Amma a siririn jiki irin nata, renda ta awanni a watan Afrilu azaba ce, kuma idan katinta ya ƙone ba a sauya shi sai dai a sauya allon gaba ɗaya.

Katin hannu kuwa sai an yi hattara. A watan Satumban 2022 tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙa, sai dubban katunan da suka shekara suna aiki ba hutu suka kwararo kasuwannin duniya. Da yawansu lafiyarsu ƙalau, wasu kuma fankokinsu sun gaji, man da ke tsakanin ƙwayar katin da ƙarfen sanyaya ya bushe. Akwai ma jabu, tsohon kati da aka sauya wa suna. Manhajar GPU-Z ta kyauta tana nuna ainihin ƙwayar da ke ciki.

Sauran kayan ba su da wuyar sha'ani. Ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta, wato RAM, giga 16 ce mafi ƙaranci, 32 ita ce daidai ga mai bidiyon 4K ko zanen gini, 64 kuma ga mai manyan ayyuka a After Effects. A sa ta sanda biyu masu kama da juna maimakon ɗaya, domin hanya biyu ta fi ɗaya saurin wucewa. Farashinta ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 2025, sakamakon yadda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka yi wa kasuwar wawaso, don haka babu laifi a fara da 32 a kan allon da ke da gurbin ƙari. Ma'adanar ajiya nau'in NVMe tana karanta bayanai ninki shida ko fiye a kan SSD ta da, wadda ke tsayawa a wajen megabait 550 a daƙiƙa. Ba ta cika rage lokacin renda ba, amma tana hana bidiyo sarƙewa lokacin tacewa. Tsohon faifai mai juyawa ya koma wurin ajiye ayyukan da aka gama, kuma bidiyon ɗaurin aure, wanda ba a sake ɗaukarsa, a ajiye shi wuri biyu.

Zafi

Fanka da ƙarfen sanyaya ba sa ƙirƙirar sanyi. Abin da suke yi shi ne kwashe zafi daga ƙwayar masarrafa su zuba shi cikin iskar ɗaki, don haka zafin masarrafa kullum yana hawa ne a kan zafin ɗakin. Idan an gwada wata masarrafa a ɗaki mai digiri 22 ta tsaya a 80, a shagon da ke da digiri 40 za ta nemi kaiwa 98. Masarrafan Intel na zamani suna da iyaka a wajen digiri 100, na Ryzen zubin 7000 kuma 95. Da sun kai nan sai su rage wa kansu gudu domin kada su ƙone. Ba wata alama da za ta fito a allo. Mai shago dai zai ga aikin da ya ci awa uku a watan Disamba yana cin fiye da haka a Afrilu, ya ɗauka ƙwayar cuta ce ta shiga.

Saboda haka saitin da ya dace da Sakkwato ya saɓa da abin da matasa ke gani a YouTube, inda ake koyar da yadda za a ƙure wa kwamfuta gudu fiye da yadda masana'anta ta tsara. A nan rage mata wuta ake yi. Dalilin kuwa shi ne, ɗan gudun ƙarshe da masana'antu ke matsowa domin su doke abokan gasa shi ya fi kowanne tsadar wuta. Da manhajar MSI Afterburner ana iya ƙayyade wa babban katin hoto kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na wutarsa, kuma a renda asarar gudun galibi ba ta wuce kashi goma ba, zafi da ƙara kuma su ragu sosai. Masarrafan Ryzen suna da saitin tsimi da ake kira Eco Mode, wanda kan sauke Ryzen 9 7950X daga ajin wat 170 zuwa 105, ta ci gaba da yin mafi yawan aikinta. Kwamfutar da aka rage wa wuta ta riƙe gudu ɗaya har asuba takan riga wadda aka sake wa linzami tana tashi tana faɗuwa.

Masu sayen Intel zubi na 13 da na 14, musamman Core i7 da i9, suna da ƙarin aiki. A 2024 kamfanin ya amsa cewa wasu daga cikinsu suna neman ƙarfin lantarki fiye da kima, abin da ke lalata su a hankali har kwamfuta ta riƙa faɗuwa a tsakiyar aiki. Ya fitar da gyara ta hanyar sabunta manhajar allo da ake kira BIOS, ya kuma tsawaita garanti da shekara biyu. Gyaran yana hana lalacewa, amma ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu, don haka sayen irinsu na hannu kasada ce. Shi kansa sabunta BIOS ba a yin sa sai da wutar da aka tabbata ba za ta ɗauke ba, domin idan ta yanke a tsakiya allon na iya ƙin tashi.

Wajen zaɓen abin sanyaya masarrafa, babban ƙarfe mai fanka ya fi na ruwa dacewa da mai shago a nan. Na ruwa yana da kyan gani, yana kuma aiki, amma yana da famfo, kuma ranar da famfon ya tsaya sai an jira saƙo daga Kano ko Legas. Na ƙarfe kuwa fanka ce kawai ke lalacewa, ita kuma ba ta da wuyar samu. Akwatin kwamfutar ya zama mai raga a gaba. Mai gilashi ta ko'ina da fitilu masu launi ado ne da ke toshe iska.

Ƙura tana gama abin da zafi ya fara. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu takan shiga tsakanin siraran ƙarafan sanyaya ta yi musu bargo, sai bazara ta zo ta tarar da kwamfutar a shaƙe. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a sa fankokin da ke shigar da iska su fi masu fitarwa yawa kuma su kasance bayan matata, domin iskar da ta yi yawa a ciki ta riƙa fita ta ramuka maimakon ƙura ta shiga ta nan. A wanke matatar duk mako a hunturu. Idan za a hure cikin da abin hura iska, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. Akwai kuma tartsatsin nan da mutum kan ji idan ya taɓa ƙofar mota a lokacin sanyi. Shi ɗin ya isa ya kashe sandar RAM, don haka a taɓa ƙarfen akwatin kafin a kai hannu ciki. Na'urar sanyaya ɗaki mai amfani da ruwa, wadda ta yawaita a shagunan Sakkwato, tana taimakawa, amma kada a saita bakinta kai tsaye ga kwamfuta, domin danshi da ƙura idan suka haɗu laka suke zama.

Wuta tana cikin kuɗin kwamfuta

Sakkwato tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, tare da Kebbi da Zamfara. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya zuwa Naira 225 ga masu rukunin A, kafin a ɗan rage daga baya. Ko a wannan farashi, kwamfutar da ke jan wat 600 na awa goma yunit shida ta sha, wato Naira 1,350. Wannan ba shi ne abin tsoro ba. Tsadar tana bayyana ne idan wutar ta ɗauke, musamman tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023.

Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da yunit 2.4 a rubuce. Idan ana son ya yi ƙarko ba a shan fiye da rabinsa, inbata kuma tana cin nata kaso, sai a tashi da wajen yunit ɗaya. Ke nan kwamfuta mai wat 600 tana buƙatar irin wannan batir shida domin ta kwana tana renda, mai wat 300 kuma uku. Wanda ya zaɓi RTX 4060 a kan babban kati, ko ya rage wa katinsa wuta, a kuɗin batir yake ganin ribar. Masu batirin litiyom suna iya shan kaso mafi yawa na abin da ke ciki, amma lissafin bai sauya ba.

Akwai wani cin karo da masu sola ke fuskanta. Wutar rana ta fi yawa daga hantsi zuwa la'asar, daidai lokacin da shago ya fi zafi. Dare ya fi sanyi, amma a kan batir ake. Wanda farantansa suka isa su ɗauki kwamfuta da ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki tare, rana ta fi masa. Wanda ba su isa ba, gara ya yi tacewa da zane da rana, waɗanda ba su cika jan wuta ba, ya tara rendarsa ya sake ta bayan isha'i.

Na'urar UPS, mai riƙe wuta na 'yan mintuna kafin a tada janareta, da VA ake rubuta ƙarfinta, kuma VA ba wat ba ne. Ƙaramar nan mai 650VA da ke ko'ina a ofisoshi wat 360 zuwa 390 take iya ɗauka, don haka babbar kwamfuta tana fara renda za ta yi ƙara ta mutu. Kwamfuta mai wat 600 tana son mai 1,500VA, kuma ita da inbata su zama masu fitar da tatacciyar wuta irin ta layin gwamnati, domin fawa-fak na zamani ba ya jituwa da wuta mai gargada. Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai bai dace a jona masa irin wannan kaya kai tsaye ba. Sitabilaiza tana maganin wuta mai rauni. Abin kare tartsatsi kuwa ba ya aiki yadda ya kamata sai ginin yana da wayar ƙasa, kuma shagunan haya da dama ba su da ita, abin da ba a tunawa sai tsawar farkon damina ta yi ɓarna.

Shi fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa sassan kwamfuta wuta, shi ne inda masu haɗawa suka fi tsuke hannu domin farashi ya yi daɗin ji, tunda ba wanda ke tambayarsa. Alhali idan ya tashi mutuwa yakan tafi da katin hoto. A nemi na sanannen kamfani mai shaidar 80 Plus, wanda ƙarfinsa ya ɗara buƙatar kwamfutar da kamar kashi ɗaya cikin uku. A nan ne karin maganar sayen nagari mayar da kuɗi gida ta fi zama daidai.

Akwai dabara ɗaya da ba ta cin ko kwabo, amma ta fi UPS ceton aiki. Mai rendar zane mai motsi kada ya umarci manhaja ta fitar da bidiyo guda kai tsaye, domin idan wuta ta yanke a awa ta tara, fayil ɗin yakan lalace gaba ɗaya. Ya sa ta fitar da kowane firam a matsayin hoto mai lamba. Idan aka tsaya a firam na 1,100, daga na 1,101 za a ci gaba, a ƙarshe a haɗa su cikin 'yan mintuna. Haka nan rage yawan zagayen lissafin haske tare da kunna matace-dusashe da ke cikin Blender da V-Ray yakan rage lokaci fiye da abin da sauya kati zai rage. Mai bidiyon 4K kuma ya yi tacewa da ƙananan kwafe, sai wajen fitarwa manhajar ta koma kan na asali. Manhajojin sata da ake zubawa a kasuwa wasunsu suna zuwa da ɓoyayyen shiri mai amfani da kwamfutar mutum wajen haƙa wa wani kuɗin intanet, sai a ga tana zafi ko ba a aiki. Blender kyauta ce, DaVinci Resolve ma tana da nau'in kyauta da ya ishi yawancin masu bidiyo.

Ranar biyan kuɗi

Ga jami'in da ke rubuta takardar sayen kaya a ma'aikatar ayyuka, ta filaye ko gidan talabijin, kalmomi irin su “Core i7, 1TB, katin hoto mai ƙarfi” ƙofa ce a buɗe. Ɗan kwangila zai iya kawo kwamfutar 2012 mai faifai mai juyawa, kuma bai saɓa wa takarda ba. A rubuta cikakkiyar lambar masarrafa, sunan katin da mizanin ma'adanarsa, yawan RAM, nau'in ma'adanar ajiya, ƙarfin fawa-fak da na UPS a wat, da tsawon garanti. Ɗan kasuwa ma ya sa a rubuta masa waɗannan a rasit, tare da lambar jikin katin.

Gani ya kori ji. A je da ainihin aikin da za a riƙa yi a cikin filashi, a sa kwamfutar ta yi rendarsa na aƙalla rabin awa, ana kallon zafi da gudu a manhajar HWiNFO. Kwamfuta mai matsala takan yi lafiya a minti biyar na farko. CrystalDiskInfo tana faɗin awannin da ma'adanar ajiya ta yi tana aiki, ko da an ce sabuwa ce. Idan daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko titin Beirut na Kano za a turo kayan, a nemi a cire katin hoto a naɗe shi daban, domin nauyinsa yana iya tsage gurbinsa a gargadar hanya, kuma daga Legas zuwa Sakkwato tafiya ce ta kusan kilomita dubu. A yi yarjejeniya da mai sayarwa cewa ciniki bai faɗa ba sai an maimaita gwajin a cikin shagon da za ta zauna, da ƙarfe biyu na rana, a kan wutar da za ta riƙa sha.